Buɗe zaɓen fidda gwani a Amurka: wace irin buɗewa ake nufi?

Tambaya: Malam, ina zaune a Filadelfiya, na samu takardar zama 'yar ƙasa, amma ban yi rajista da kowace jam'iyya ba, don haka ba ni da ƙuri'a a kan 'yan takara ranar zaɓen fidda gwani. Yanzu ina jin ana ta maganar ƙudirin dokar da zai soke zaɓen fidda gwani na jam'iyyu, a kawo buɗaɗɗe wanda kowa zai shiga, wai shi ne maganin siyasar gaba da ta addabi ƙasar. Haka ne? Kuma irin ƙato-bayan-ƙato ɗinmu na gida ne?

Amsa: Hajiya, bari in fara sallamar tambayar ƙarshe tunda ita ce mai sauƙi. Ba iri ɗaya ba ne. Takaddamar da aka yi a Najeriya, wadda ta sa Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan gyaran dokar zaɓe a Disambar 2021 kafin a sassauta sashen ya sa hannu a Fabrairun 2022, a kan wa zai tsayar da ɗan takara ne a cikin jam'iyya: daliget, ko duk mai katin jam'iyya, ko a yi masalaha. Amurkawa sun wuce wannan mataki tun farkon ƙarni na 20, lokacin da jihar Wiskonsin a zamanin Gwamna Robert La Follette ta ƙwace tsayar da 'yan takara daga hannun iyayen jam'iyya ta miƙa wa masu ƙuri'a, sauran jihohi suka bi sahu. Abin da suke jayayya a kansa yanzu shi ne ko wanda ba ɗan jam'iyya ba yana da bakin magana, kai har ma ko ya kamata jam'iyya ta riƙa samun gurbinta na kanta a takardar babban zaɓe.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata ki riƙe, don a kansa duk hujjar masu neman canji ta tsaya. A Amurka gwamnatin jiha ce take shirya zaɓen fidda gwani, da ma'aikatanta da rumfunanta da kuɗin haraji. Ke da kike biyan haraji a Pensilbeniya, jihar da Filadelfiya take ciki, kina cikin masu ɗaukar nauyin zaɓen da aka hana ki shiga. An karɓi kuɗin ankonki, ranar biki an ce ba kya cikin waɗanda aka gayyata. Irinku a jihar sun haura miliyan ɗaya, kuma a faɗin ƙasar binciken ra'ayin jama'a na kamfanin Gallup a shekarun nan yana nuna sama da kashi 40 cikin 100 na Amurkawa suna cewa su ba 'yan kowace jam'iyya ba ne. Ga kuma abin da ya ƙara wa maganar nauyi: cikin kujeru 435 na Majalisar Wakilai, 'yan gomomi ne kawai ake fafatawa ta gaskiya a kansu a babban zaɓen da ake yi a Nuwamba. Sauran an san jam'iyyar da za ta ci tun kafin a buga takardar ƙuri'a. A irin waɗannan mazaɓu, Filadelfiya na ciki, wanda ya ci zaɓen fidda gwani ya riga ya ci kujera, alhali kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka cancanta ne ke fitowa ranar.

To amma kafin ki ce kina goyon baya, sai kin san wane ƙudiri ne a gabanki, domin sunan nan na buɗaɗɗen zaɓe abubuwa mabambanta ake liƙa wa shi, kuma masu tallata su ba su cika damuwa da rarrabewa ba.

Mafi sauƙinsu shi ne a bar jam'iyyu da zaɓensu, kowace da takardarta, sai dai mara jam'iyya ya zo rumfa ya ce a ba shi ta Dimokurat ko ta Rifablikan. Kolorado ta amince da haka a 2016, Men ta fara aiki da shi a 2024, Niyu Meziko ta yi dokarsa a 2025. Irinsa ne majalisar dattawan Pensilbeniya ta zartar a 2019 ya je ya mutu a majalisar wakilan jihar, kuma ana ta sake kawo shi. Wasu jihohi kamar Bajiniya, Mishigan da Teksas ba sa ma rubuta jam'iyyar mutum a rajista, kowa ya zaɓi takardar da yake so. Wannan ba soke komai ba ne, ƙofa ce aka ƙara faɗaɗawa.

Wanda ya dace da kalmomin da kika yi amfani da su, wato soke zaɓen jam'iyyu gaba ɗaya, shi ne a zuba duk 'yan takara a takarda guda, kowa ya rubuta jam'iyyar da yake ra'ayi a gefen sunansa, biyun da suka fi ƙuri'a su wuce zuwa Nuwamba ko da jam'iyyarsu ɗaya. Washinton, jihar nake nufi ba birnin tarayya ba, da Kalifoniya su ne ke kan wannan. Shi ne kuma John Delaney, lokacin yana ɗan majalisa daga Merilan, ya yi ta gabatarwa a Majalisar Wakilai don ya zama dokar tarayya, bai kai ko'ina ba. Sannan Alaska ta zo da nata salo, huɗu su wuce, a Nuwamba kuma mai zaɓe ya jera su bisa fifiko.

Yadda aka kai ga tsarin biyun farko yana da tarihi, kuma kotu ce ta sassaƙa shi. A 1996 mutanen Kalifoniya suka amince da wani tsari da mai zaɓe zai iya tsallakawa yadda ya ga dama, ya zaɓi gwanin Dimokurat a kujerar gwamna, na Rifablikan a ta sanata, amma duk wanda ya zo na ɗaya a kowace jam'iyya ya zama ɗan takararta. Jam'iyyu suka garzaya kotu. A 2000 Kotun Ƙoli, alƙalai bakwai cikin tara, ta rushe tsarin. Mai shari'a Antonin Scalia ne ya rubuta hukuncin, hujjarsa kuwa ita ce jam'iyya ƙungiya ce mai 'yancin zaɓen abokan tafiyarta, ba za a tilasta mata ta ɗauki wanda bare suka tsayar mata ba. Washinton, wadda take irin wannan zaɓe tun 1935, ita ma ta rasa nata. Sai aka yi dabara: a 2004 masu zaɓe a Washinton suka amince da tsarin da ba ya tsayar wa kowace jam'iyya kowa, tankaɗe kawai yake yi ya rage 'yan takara zuwa biyu. Kotun Ƙoli ta bar shi a 2008. Kalifoniya ta biyo baya a 2010, kuma yadda abin ya hau takardar raba gardama ma abin dariya ne: ana neman ƙuri'ar wani sanatan jiha ɗan Rifablikan, Abel Maldonado, don a zartar da kasafin kuɗi, shi kuma ya ce sharaɗinsa ke nan. Manyan jam'iyyun biyu duk sun yaƙe shi, Gwamna Arnold Schwarzenegger ya tsaya masa, ya wuce.

Kada ki ɗauka kukan jam'iyyu son kai ne zalla. Idan mutum ya ƙi shiga ƙungiya, da wace hujja zai ce sai ya zaɓar mata shugaba? Tambaya ce mai ƙarfi. Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce jam'iyyun Amurka sun daɗe da barin matsayin ƙungiya mai zaman kanta. Kotun Ƙoli da kanta ta faɗi haka a 1944, lokacin da ta hana Dimokurat a Teksas ware baƙaƙen fata daga zaɓen fidda gwani da sunan wai harkar cikin gida ce. Jam'iyyar da take son rufe ƙofarta ta biya kuɗin zaɓenta. Ɗaya fargabar da ake yawan ambata, cewa 'yan adawa za su yi tururuwa su zaɓar wa jam'iyya raggon ɗan takara don su kayar da shi daga baya, ta fi yawa a baki. Rush Limbaugh, mai sharhin siyasa na masu ra'ayin riƙau, ya yi irin wannan kira a gidan rediyo a 2008, ya ce 'yan Rifablikan su je su zaɓi Hillary Clinton don a ja wa Obama rai, Obama kuma ya samu tikitinsa. Tsallaken da aka fi gani na masu neman dama-dama ne, kamar yadda baƙaƙen fata 'yan Dimokurat a Misisipi suka fito a zagaye na biyu a 2014 suka ceci Sanata Thad Cochran daga Chris McDaniel a zaɓen fidda gwanin Rifablikan.

Yanzu ga ainihin tambayarki: yana rage tsattsauran ra'ayi? A nan ne nake rabuwa da masu tallan. Tunanin nasu yana da daɗin ji. Wai marasa jam'iyya masu sassauci ne, idan aka shigo da su ɗan siyasa zai daina tsoron 'yan a-mutun jam'iyyarsa. Matsalar ita ce yawancin masu cewa ba su da jam'iyya suna da ɓangaren da suke karkata, kuma suna zaɓensa kusan kamar masu kati. Waɗanda suke tsakiya da gaske kuwa su ne suka fi kowa zama a gida ranar zaɓen fidda gwani, ko an buɗe ko an rufe. Wani bincike da Eric McGhee da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, inda suka kwatanta yadda 'yan majalisun jihohi ke kaɗa ƙuri'a a ƙarƙashin tsare-tsare daban-daban, bai ga wani tasirin a-zo-a-gani na buɗewa ba. Daga baya Christian Grose na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya samu alamar cewa 'yan majalisar tarayya da suka fito ta tsarin biyun farko sun ɗan fi sassauci, musamman sababbin shiga. Kalifoniya kanta tana da wuyar aunawa, don a daidai lokacin da aka fara tsarin a 2012 ne aka fara aiki da mazaɓun da hukuma mai zaman kanta ta shata, aka kuma canza dokar wa'adin 'yan majalisar jiha. In an ga canji, wanne za a yaba wa?

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na 'yan Rifablikan goma da suka kaɗa ƙuri'ar tsige Trump a Majalisar Wakilai a Janairun 2021. Huɗu ba su sake tsayawa ba. Huɗu sun faɗi a zaɓen fidda gwani. Biyu kacal suka koma majalisa, Dan Newhouse na Washinton da David Valadao na Kalifoniya, dukansu daga jihohin biyun farko. Masu goyon bayan tsarin suna son tsayawa a nan. Ki duba waɗanda suka faɗi kuma. Jaime Herrera Beutler ita ma 'yar Washinton ce, ta zo ta uku ta fita. Peter Meijer a Mishigan da Tom Rice a Karolina ta Kudu sun faɗi ne a jihohin da kowa ke iya karɓar takardar Rifablikan. Liz Cheney a Wayomin ta roƙi 'yan Dimokurat su sauya rajista su zaɓe ta, wasu sun yi, ta sha kaye mai muni duk da haka. Abin da nake karantawa a nan shi ne buɗe ƙofa kaɗai kusan ba ya canza wanda zai ci. Haɗa kowa a takarda guda yana iya ceton mai sassauci wani lokaci, ba kullum ba.

Tsarin biyun farko yana da wani aibi na lissafi da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya sa ba na ba da shawarar a ɗauke shi yadda yake. A 2012, a mazaɓa ta 31 ta Kalifoniya, yankin San Banadino, 'yan Dimokurat huɗu suka tsaya, 'yan Rifablikan biyu. Huɗun suka raba ƙuri'unsu, Gary Miller da Bob Dutton na Rifablikan suka zo na ɗaya da na biyu, Pete Aguilar na Dimokurat ya zo na uku da tazara kaɗan. Mazaɓar da ta zaɓi Obama a Nuwamban wannan shekara ta wayi gari babu ɗan Dimokurat a takardar ɗan majalisarta. A Washinton ma a 2016 haka ta faru a kujerar ma'ajin jiha. Me jam'iyyu suka koya? Su riƙa kiran 'yan takara gefe tun da wuri, a lallashi wannan, a tsorata wancan, a toshe wa wani hanyar kuɗi, don kada a yi yawa. Tsarin da aka kawo don a rage ikon iyayen jam'iyya sai ya mayar da su masu raba gurbi a bayan fage. Ga kuma wasan da Adam Schiff na Dimokurat ya yi a takarar sanata a 2024: ya kashe kuɗi yana tallan da ke kambama Steve Garvey na Rifablikan a matsayin babban abokin hamayyarsa, don Garvey ya zo na biyu Katie Porter, 'yar jam'iyyarsa ta Dimokurat, ta fita, tunda ya san a Kalifoniya kayar da ɗan Rifablikan ya fi sauƙi. Haka kuwa aka yi.

Ƙananan jam'iyyu su ne suka fi cutuwa. A da ko ba su ci ba, sunansu yana takardar Nuwamba, ranar da jama'a suka fi fitowa. Yanzu a Kalifoniya da wuya su kai can, kuma an hana rubuta sunan wani da hannu a zagayen ƙarshe. Ɗan Rifablikan a jihar ya ga takarar sanata ta 2016 tsakanin Kamala Harris da Loretta Sanchez, ta 2018 tsakanin Dianne Feinstein da Kevin de León, duk 'yan Dimokurat. Da yawa sun tsallake layin ba su zaɓi kowa ba. Masu kare tsarin za su ce ai manufar ke nan, 'yan tsiraru su zama masu raba gardama tsakanin 'yan jam'iyya mai rinjaye. Hujja ce, amma sai in sun yarda sun kaɗa ƙuri'ar.

Luwiziyana ta riga su zuba kowa a takarda guda, tun 1975, kuma dalilinta ba gyaran dimokuraɗiyya ba ne. Gwamna Edwin Edwards ya gaji da shan zagaye biyu a cikin Dimokurat sannan ya fuskanci ɗan Rifablikan da ya huta. A 1991 tsarin ya fitar da gwamna mai ci, Buddy Roemer, wanda shi ne na tsakiya, ya bar jama'a tsakanin Edwards, da zargin cin hanci ya dabaibaye, da David Duke, tsohon jagoran ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan. Har takardar manna wa mota aka buga mai cewa a zaɓi ɓarawon, abin yana da muhimmanci. A 2024 jihar ta yi dokar komawa zaɓen jam'iyyu a kujerun majalisar tarayya da wasu muƙamai daga 2026.

Alaska ta yi ƙoƙarin toshe waɗannan ramuka a 2020. Idan huɗu za su wuce, da wuya a rufe wa babbar jam'iyya ƙofa, kuma jera 'yan takara bisa fifiko yana rage asarar raba ƙuri'a: a cire na ƙarshe, a mayar da ƙuri'unsa ga zaɓin masu shi na biyu, har wani ya haura rabi. Sanata Lisa Murkowski, wadda ta taɓa faɗuwa zaɓen fidda gwanin Rifablikan a 2010 ta dawo ta hanyar rubuta suna da hannu, kuma ta goyi bayan hukunta Trump a 2021, ta tsira a 2022 a kan Kelly Tshibaka da Trump ya ɗaga wa hannu. Da tsohon tsari ne da wuya ta kai labari. A shekarar ce kuma Mary Peltola, 'yar ƙabilar Yupik kuma 'yar Dimokurat, ta ci kujerar da Don Young ya rasu ya bari. Sai dai wannan zaɓe na cike gurbi ya nuna tsarin ma ba tsarkakakke ba ne. Nick Begich na Rifablikan ne aka fara cirewa don ya fi ƙarancin zaɓin farko, alhali da aka bi takardun ƙuri'a daga baya an ga da shi da Peltola kaɗai ne, ko shi da Sarah Palin, ɗaya 'yar takarar Rifablikan, kaɗai, shi zai ci. A 2024 Rifablikan suka gyara lissafi, 'yar takararsu Nancy Dahlstrom ta janye bayan zagayen farko, Begich ya kayar da Peltola. A ranar kuma yunƙurin soke tsarin ya faɗi da tazarar ƙuri'u ƙasa da dubu ɗaya.

Masu zaɓe ma ba su cika karɓar babban canjin ba in an kai musu. A Fulorida a 2020 tsarin biyun farko ya samu kusan kashi 57, ya gaza kai 60 da tsarin mulkin jihar ke buƙata. A Nuwamban 2024 an ƙi irin waɗannan shawarwari a Kolorado, Aidaho, Arizona, Montana, Dakota ta Kudu da Nebada, ita Nebada bayan ta amince a zagayen farko a 2022. Birnin tarayya ne ya amince da nasa. A ganina haɗa abu biyu a ƙunshi guda ya cuci masu neman canjin: mutum yana iya yarda a bar maƙwabcinsa mara jam'iyya ya yi zaɓe, amma ya yi shakkar sabuwar hanyar ƙirga.

Shawarata gare ki, Hajiya: in ƙudirin na ba marasa jam'iyya damar karɓar takarda ne, ki goya masa baya, don haƙƙi ne, kuma kada ki sa ran zai sauya halin 'yan majalisa. In na soke zaɓen jam'iyyu ne, ki nemi sashen da ya faɗi mutum nawa za su wuce zuwa Nuwamba da yadda za a ƙirga ƙuri'ar ƙarshe. Biyu kawai, ni ba zan sa hannu ba. Huɗu ko biyar tare da jeri, ko zagaye na biyu, abin dubawa ne. Ki kuma duba ko ya shafi zaɓen shugaban ƙasa, don na Kalifoniya bai shafa ba, da ko jam'iyya za ta iya nuna wanda ta amince da shi a takarda, don mai zaɓen da ya ga sunaye ashirin babu alama yakan bi wanda ya fi kuɗin talla. Siyasar gabar da kike magana tana da wasu saiwoyi da wannan doka ba ta taɓawa, irin su shata mazaɓu don son rai, da yadda mutane suka rabu birni da ƙauye kowa da jam'iyyarsa, da kafafen labarai da kowane ɓangare ke sauraron nasa.

Kafin doka ta canza kuwa, ba a ɗaure hannunki ba. A Pensilbeniya kina iya sauya rajistarki zuwa wata jam'iyya har kwana 15 kafin zaɓe, ta intanet ma, babu kuɗin shiga babu rantsuwa, kuma wannan ba ya tilasta miki zaɓen ɗan takararta a Nuwamba. In kin fi son zama yadda kike, duk ranar zaɓen fidda gwani da aka sa tambayar raba gardama a takarda, kamar gyaran kundin birnin Filadelfiya, kina da ƙuri'a a kanta, sai ki je rumfarki ki ce a ba ki takardar marasa jam'iyya.